Wata Uku Na Ce Mata

A asibitinmu akwai wani ɗan ɗaki a bayan famasi, tsakanin ma'ajiyar ruwan ƙari da matattakalar bene. Tebur ɗaya ne a ciki, da kwamfuta, da waya biyu, da kanta cike da manyan littattafan magani da bangonsu ya ɓare saboda yawan buɗewa. Shi ne ɗakin tambayar magani. Ba na marasa lafiya ba ne, namu ne ma'aikata. Likita ko nas in ya yi shakka a kan wani magani, ko za a iya haɗa shi da wani, ko nawa za a ba yaro mai nauyi kaza, sai ya buga lambar ɗakin.

Matar da ke zaune a teburin muna kiranta Anti Tambaya. Ka kai mata tambaya ɗaya ta mayar maka da goma. Tana da takardar da take cikawa kafin ta buɗe baki ta ba ka amsa: wa ke tambaya, daga wane sashe, shekarun mara lafiyar, nauyinsa, me yake sha bayan wannan. A ɗakin shan shayi mukan yi mata tsiya cewa ko ƙarfe nawa ka tambaye ta sai ta ce na wane ne, kuma kilonsa nawa. Amma duk wanda ya ba da magani a kan maganarta barci yake yi da minshari.

Ni nas ce a sashen maza, shekarata huɗu. Lokacin da abin nan ya faru ina gida, ina hutun haihuwa.

'Yata ta zo saura sati shida lokacinta ya cika, kilo biyu ma ba ta kai ba. Kwana tara ta yi a kwalba, a kwana na uku shawara ta kama ta aka sa ta ƙarƙashin fitila har ta washe. Babanta, mai gyaran wutar lantarki ne, shi ya laƙa mata 'Yar Kwalba, sunan kuma ya bi ta. Da aka sallame mu muka dawo ɗakunanmu biyu a saman shagon mai gyaran firji, sai na kafa doka. Bokiti da sabulu a bakin ƙofa, babu mai taɓa ta sai ya wanke hannu har gwiwa. Mai tari ya gaishe mu daga matattakala. A bango na manna takarda ina rubuta lokacin da ta sha da lokacin da ta jiƙa nafkin. Yayata da ta zo taya ni zama takan ce, "Ni dai na haifi biyar ban taɓa ganin gidan da ake shiga da biza ba sai naki."

A rana ta goma sha shida na tashi da zafin fitsari da ciwon mara, jikina da ɗan ɗumi. Na san abin, na gan shi a jikin mutane ya fi a ƙirga. Na kuma san abin da ya kamata in yi: in je a gwada fitsarin, likita ya rubuta magani. Amma da na tuna layin masu ganin likita, benci cike da masu tari, ga yarinyar da ba ta wuce awa biyu ba ta nemi nono ba, sai na ji ba zan iya ba. In tafi da ita cikin wannan iskar, a'a. In bar ta, a'a.

Muna da wani tsohon gwangwanin biskit da muke tara ragowar magunguna. A ciki na sami sala ɗaya da rabi na farar ƙwayar nan ta dangin salfa, wadda muke ba masu ciwon fitsari a sashenmu kusan kullum. Na duba kwanan watan, bai wuce ba. Na haɗiye biyu da ruwa, na koma na ɗauki yarinyata na ba ta nono. Ƙarfe goma ta sha, sha biyu ta sake sha.

Ina cikin ba ta na biyun ne wani abu ya faɗo mini, can daga makarantar jinya. Salfa da jarirai. Akwai wata magana a kansu, amma na kasa tuna ko masu ciki aka ce ko masu shayarwa. Shekara huɗu ina jinyar maza tsofaffi, babu wanda ya taɓa shayarwa a cikinsu. Takardar cikin kwalin kuwa an daɗe da yar da ita.

Na jira Yaya ta sauka shanya, na buga lambar asibiti na ce a haɗa ni da ɗakin tambayar magani.

"Ɗakin tambayar magani. Wa ke magana?"

Na faɗi sunana da sashenmu. Na ji ƙarar biro a kan takarda.

"Ina jin ki, Sista."

"Anti, mai shayarwa za ta iya shan wannan?" Na faɗi sunan ƙwayar.

"Mai shayarwa a sashen maza? Abin ya ci gaba ke nan."

A nan ne ya kamata in ce ni ce. Amma na san abin da zai biyo baya. Za ta ce ɗakin nan ba ya rubuta wa mutum magani, in tashi in je in ga likita. Za ta tambaye ni wa ya ba ni, in ce gwangwanin biskit. Kuma na riga na sha, yarinyar ta riga ta sha a jikina sau biyu. Gaskiyar magana, ba amsa nake nema ba, so nake wani ya ce mini babu komai.

"Matar wani mara lafiyarmu ce, tana jinyarsa," na ce.

"To. Shekarunta?"

"Ashirin da bakwai."

"Tana shan wani abu?"

"Maganin ƙarin jini kawai."

"Jaririn fa, watansa nawa?"

Na dubi 'yata a cinyata, kanta bai fi lemo girma ba. Duk asibiti an san nas ɗin sashen maza ta haifi bakwaini. In na ce kwana goma sha shida, an gama.

"Wata uku."

"Ya cika watanninsa aka haife shi?"

"Ya cika."

"Shawara fa? Ko wani ciwon jini a danginsu?"

"Babu."

Daidai nan yarinyar ta saki nono ta yi ɗan kukanta mai kama da na ɗan kyanwa. Na rufe bakin wayar da tafin hannu.

"Ba ni minti biyar, kada ki ajiye," in ji Anti. Na ji tana buɗe shafuka, na ji tana danna kwamfuta. Ko abin da ta sani kamar sunanta sai ta duba a wuri biyu. Da ta dawo ta ce, "Ga lafiyayyen jariri ɗan wata uku da ya cika watanninsa, kaɗan ne ke bi ta nono, za ta iya sha na 'yan kwanaki. Amma ki ji da kyau, Sista. Da a ce bakwaini ne, ko bai kai wata ɗaya ba, ko yana da shawara, da amsata ba wannan ba ce. Kin rubuta?"

"Na rubuta, Anti. Na gode."

Ban rubuta komai ba. Kuma abin da har yau nake kasa fahimta game da kaina shi ne, ta faɗa mini gaskiyar ƙarara, da kunnena na ji, amma na ɗauki rabin farko na bar rabin ƙarshe. Na ce wa kaina shawarar ai ta warke. Na ce kaɗan ne ke bi ta nono, ita da kanta ta faɗa. Na ce kwana uku kawai zan yi in daina. Da yamma na sha biyu. Washegari safe da yamma. Zafin fitsarin ya lafa, na ji daɗi har na yi wanki.

Rana ta uku da safe, bayan na haɗiye na biyar, Yaya tana canza wa yarinyar kaya sai ta kira ni.

"Ke, zo ki ga idon yarinyar nan."

"Hasken labule ne, Yaya."

"Labulenki shuɗi ne. Ni ban yi karatun nas ba amma ina da ido."

Na ɗauke ta na kai bakin taga, na danna kan hancinta da yatsa na saki. Rawaya. Na danna ƙirjinta, rawaya. Na danna cinyarta ina addu'a a raina, nan ma haka. Na juya na dubi takardar bango. Da rubutun hannuna, tun jiya da rana shanta yake raguwa: minti goma sha biyar, goma, bakwai, biyar. Ni na rubuta, amma ban karanta ba. Na sa mata nono, ta ja sau uku ta yi barci da shi a baki.

Na kira babanta daga wurin aiki. Kafin rabin awa muna cikin tasi, yana ta tambayata, "Ba sun ce ta warke ba? Dama tana dawowa?" Ina ce masa takan dawo.

A sashen jarirai nas-nas ɗin duk sun san mu. "'Yar Kwalba ta yi kewar gidanta," in ji ɗaya, amma da ta buɗe zanen sai dariyar ta tsaya. Aka ɗebi jini a diddigenta, aka tuɓe ta, aka rufe mata ido da ƙyalle, aka sa ta ƙarƙashin shuɗiyar fitila tun kafin sakamako ya fito. Likitan jarirai ya zo, dogon mutum mai magana a hankali. Ya tambayi yaushe aka lura, tana sha, kashinta wane launi ne, akwai zazzaɓi. Ya tambayi ko an ba ta wani abu a gida.

"Ba a ba ta komai ba, likita," in ji Yaya. "Wannan ko ruwa ba ta bari a ɗiga mata."

Gaskiya ta faɗa, ba a ba ta komai ba. Ni aka ba, kuma bai tambaye ni ba. Ga mijina tsaye da kayan aikinsa, ga Yaya, ga abokan aikina biyu. Ina ta jinkiri har aka kira likitan zuwa wani gado, ya wuce.

Sakamakon ya fito wajen sha ɗaya. Likitan ya nuna mana wata takarda mai layi biyu. Na ƙasa, in an haye shi, fitila. Na sama, in an kai shi, sai an canza wa jariri jini, domin shawarar takan iya taɓa ƙwaƙwalwa da ji. Ya ɗiga biro a inda 'yata take. Tsakanin ɗigon da layin sama bai kai faɗin farce ba.

"Za mu sake gwadawa ƙarfe huɗu," ya ce. "Abin da ke damuna shi ne dalili. Wadda ta washe, me zai dawo da ita da wannan saurin?"

Na fito baranda na zauna a benci. Sai wayata ta yi ƙara, lambar asibiti.

"Sista, Anti ce ta ɗakin tambaya."

Ashe duk tambayar da ta shafi mai ciki ko mai shayarwa, bayan kwana biyu takan bi sawu ta ji yadda aka ƙare. Kowa a sashen haihuwa ya san haka. Mu a sashen maza ina za mu sani?

"Na kira sashenku in ji lafiyar matar nan," ta ce. "Shugabarku ta ce babu mai jinya da goyo a wurinsu, ke kuma kina hutun haihuwa. Ta ce bakwaini kika haifa. Kina ina yanzu?"

"Sashen jarirai."

Na ji ta ture kujera.

"Zauna nan. Ga ni nan."

Shekara huɗu ban taɓa ganinta a wajen ɗakinta ba. Sai ga ta ta hawo bene tana haki, gajeriyar mace mai tabarau a rataye da igiya, littafi ɗaya a hammata, sabuwar takarda a hannu. Ta zauna gefena, ta ɗora takardar a kan littafin, ta cire murfin biro.

"Daga farko. Wa ke shan maganin?"

"Ni."

"Wa ya rubuta?"

"Babu. A gida na samu."

"Yaushe kika fara, nawa kike sha, sau nawa?"

Na faɗa mata. Ta tambayi ƙarfin ƙwayar, na zaro salar daga jakata na miƙa mata, ta juya bayanta ta karanta. Kwanan jaririyar, satin da aka haife ta, nauyinta na yau, shan ƙarshe. Tambayoyin da muke yi wa dariya ne, ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko guda ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Ni kuwa hawaye na ɗiga a kan siket ɗina.

"Kukan ki ajiye shi, zai yi amfani an jima," ta ce. "Amsar da na ba ki daidai ce, amma ta wata yarinya ce da babu ita a duniya. Ni ma da nawa. Na ji kukan jariri a wayar nan, kuma ɗan wata uku ba haka yake kuka ba. Na ce a raina sashe ne, hayaniya ce, ban tambaya ba." Ta rufe biron. "Likita ya sani?"

"A'a."

"Ke za ki faɗa masa ko ni?"

"Mijina yana ciki, Anti."

"Na gan shi. 'Yarsa ma tana ciki."

Na tashi. Na same su a bakin gadon, hasken fitilar ya mai da fuskokinsu shuɗaye. Na ce, "Likita, akwai abin da ban faɗa ba." Na faɗa duka, har da gwangwanin, har da wata ukun. Yaya ta dafe baki. Mijina bai dube ni ba, ya zuba wa ƙafar yarinyar ido inda aka manna auduga.

Likitan bai yi faɗa ba, ya ce kawai, "Da kin faɗa ƙarfe tara da mun ci awa biyu." Nan take ya ƙara gwaje-gwajen jini, ya sa aka kawo fitila ta biyu aka haska ta ta ƙasa. Shi da Anti suka koma gefe, ta buɗe littafinta a kan teburin nas-nas, ta kira famasi aka shiga ɗakinta aka karanto mata wani abu daga kwamfuta. Sannan ta rubuta amsarta ta sa hannu aka saka a fayil: in daina ƙwayar nan take, a gwada fitsarina a ba ni wani maganin da ya dace da mai shayar da bakwaini, kuma saboda inda ɗigon nan yake, a dakatar da nonona kwana biyu har maganin ya fita daga jikina.

Wannan na ƙarshen ne ya karya ni. Kwana tara tana kwalba ina tatsa ana ba ta ta hanci, ban bari an ba ta madarar gwangwani ko sau ɗaya ba. Yanzu ga ni a ɗakin tatsa, na cika kofi, na kai wurin wanke hannu na juye na sake masa famfo. Ta tagar ƙofa ina hango wata nas tana ba ta madara da ɗan kofi, tana lallashinta. Yaya ta shigo ta tsaya a bayana.

"Mu da kike sa mu wanke hannu har gwiwa," ta ce. Sai kuma ta ja tawul ta goge mini gaban riga. "Ci wani abu, nonon nan jibi ana nemansa."

Ƙarfe huɗu aka sake ɗibar jini, biyar da kwata likitan ya dawo da takardarsa. Ɗigon ya sauka. Ba sosai ba, amma ya bar layin sama, ba za a canza jini ba. Na tambaye shi abin da ke cina.

"Likita, maganin ne?"

"Ba zan ce miki shi ne ba, ba kuma zan ce ba shi ba ne. Bakwaini kan yi haka ba tare da komai ba. Amma irin wannan maganin yana sa shawarar ta fi saurin isa inda ba a so. Shi ya sa za mu gwada jinta kafin ku tafi."

Kwana huɗu muka yi. A rana ta uku na mai da ita kan nono, ta kama kamar ba a taɓa raba mu ba. Launinta ya dawo. Anti ta hawo sau ɗaya, ta duba fayil, ta tambaye ni sunan sabon maganina da lokacin da nake sha, ta rubuta, ta sauka. Mijina kullum yana zuwa da safe da yamma, ya kawo abinci, ya wanke hannu har gwiwa, ya zauna gefen yarinyar. Yana amsa gaisuwata, iyakar maganarmu ke nan.

Ranar sallama wata mata ta zo da ɗan inji, ta sa wa yarinyar wani abu a kunne tana barci. Kunnen dama injin ya nuna kore nan da nan. Na hagu ta gwada sau uku, ta gyara, ta sake. Ta ce kada mu tayar da hankali, sau da yawa ruwa ne kawai a kunnen jarirai, mu dawo bayan wata ɗaya a yi babban gwaji. Ta rubuta ranar a kati ta ba ni. Mijina yana wajen karɓar takardar sallama lokacin, sai a cikin tasi na faɗa masa.

Ya daɗe yana kallon titi. Yaya tana gaba, ta yi kamar ba ta ji.

"Da kin ce mini ba ki da lafiya," ya ce, "da na bar aikin na zauna da ita ki je ki dawo."

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Ke kaɗai kike ganin kin iya riƙe ta."

Ya miƙo hannu na ba shi ita.

"Wane kunnen ne?"

"Na hagu."

Ya juya ta a hankali ya mai da ita ɗaya hannun, kunnen hagun ya zo daidai bakinsa. Ya sunkuya ya fara yi mata magana ƙasa-ƙasa, yana gaya mata shagunan da muke wucewa, ga mai taya, ga mai gilashi, ga inda Baba ya sa wuta bara. Tana ta barcinta, ko motsi ba ta yi ba. Bai daina ba har muka isa gida.